Matan Filadelfiya da Sandar Golf: Abubuwan Ban Mamaki 18 a Taƙaice

Idan aka ambaci wasan golf, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne attajiri da farar hula, yana takawa a kan koriyar ciyawa, yaro na biye da shi da jakar sanduna. Da wuya a sa mata a lissafi. Alhali kuwa a birnin Filadelfiya da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, mata sun haura shekara 120 da gasarsu ta kansu, inda kulob ke karawa da kulob, su ke tsara ta, su ke tafiyar da ita. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin da ke ƙunshe a tarihin wannan gasa da na matan da suka raya ta.

1. Ƙungiya ta riga ƙuri'a zuwa

A shekarar 1897 aka kafa Ƙungiyar Matan Golf ta Filadelfiya, wadda ake taƙaita sunanta da WGAP. Ita ce ƙungiyar golf ta mata mafi daɗewa a Amurka. A lokacin, matan Pennsylvania ba su da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. Sai a 1920 aka yi wa tsarin mulkin ƙasar gyaran da ya ba mata wannan dama. Ke nan waɗannan mata sun shekara 23 suna zaɓen shugabanninsu na wasa, suna tsara jadawali, suna warware saɓani a tsakaninsu, kafin ƙasarsu ta yarda su sa baki a zaɓen mai mulkinta.

2. Kulob huɗu, uku daga cikinsu 'ya'yan kurket ne

Da kulob huɗu aka soma: Merion Cricket Club, da Philadelphia Cricket Club, da Philadelphia Country Club, da Belmont. Biyun farko sunansu ma ya nuna asalinsu, domin don wasan kurket aka kafa su, ɗaya a 1865, ɗayan a 1854. Shi ma Belmont daga wani kulob ɗin kurket ya tsiro. Filadelfiya ce cibiyar kurket a Amurka a wancan zamani, golf kuwa baƙo ne da aka yanka wa fili a gefe. Yau baƙon ya zama mai gida. Belmont ne ya rikiɗe ya koma Aronimink, filin da ya karɓi baƙuncin ɗaya daga manyan gasannin ƙwararrun mata na duniya a 2020, wadda Sei Young Kim ta Koriya ta Kudu ta lashe.

3. Rami ake ƙirgawa

Filin golf cikakke yana da ramuka 18. A gasar da aka fi nunawa a talabijin, ana tara duk bugun da ɗan wasa ya yi, mai mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. A karawar kulob da kulob kuwa, mace da mace ake haɗawa, kowane rami kuma shari'arsa daban. Wadda ta jefa ƙwallonta da bugu huɗu ta ci wadda ta yi biyar, sai a wuce rami na gaba ba tare da bashi ba. Ko da mace ta yi bugu goma a rami guda, rami ɗaya tak ta rasa. In tazarar ta fi ramukan da suka rage, wasa ya ƙare nan take, a yi musabaha a koma. Wannan tsari ne ya sa ba a cire rai da wuri.

4. Tsanin kofuna

Da bazarar can, wajen watannin Afrilu da Mayu, ake buga wasannin. An kasa ƙungiyoyin rukuni-rukuni, kowane rukuni da kofinsa, Kofin Filadelfiya kuma shi ne na ƙoli. Ƙungiyar da ta yi ƙwazo tana iya hawa, wadda ta yi sanyi tana iya gangarowa, don haka na ƙasa na da abin nema, na sama na da abin tsaro. Karɓar baƙunci kuwa zagayawa yake yi kamar adashe: yau ku ne masu masauki, gobe ku ne baƙi a filin da ba ku san tudu da gangarensa ba. A wannan zagaye ne ƙwararriya da 'yar koyo ke zama 'yan ƙungiya guda, makin kowace kuma yana da nauyi.

5. An yi musu hasashen rushewa tun kafin su fara

Shekara huɗu kafin na Filadelfiya, matan Birtaniya sun kafa tasu haɗaɗɗiyar ƙungiyar a 1893, Issette Pearson na sakatariya. Da suka nemi shawarar Horace Hutchinson, wani fitaccen ɗan golf kuma marubuci, sai ya aiko da wasiƙa yana cewa mata ba za su iya haɗa kai ba, rigima za ta raba su, jikinsu ba zai ɗauki wasan ba, gasarsu ta farko kuma ita ce za ta zama ta ƙarshe. A shekarar suka buga gasar, Lady Margaret Scott ta lashe. Ƙungiyar ta rayu fiye da shekara 120, har ta haɗe da hukumar R&A a 2017. Issette Pearson ce kuma ta tsaya kai da fata wajen daidaita tsarin rangwamen bugu, wanda ke ba mai rauni damar karawa da gwana daga wani kulob. Akwai kofi mai sunanta da kulob-kulob na mata a kewayen Landan ke takara a kansa.

6. Kyautar farko: kwandon kifi

Gasar golf ta mata mafi tsufa da aka samu a rubuce ba ta 'ya'yan sarauta ba ce. A garin Musselburgh na Sukotland, kulob ɗin garin ya shirya wa mata masu tallar kifi gasa a ranar sabuwar shekara ta 1811. Waɗannan mata su ne ke goya kwandon kifi a baya su taka da ƙafa har Edinburgh, tafiyar kusan kilomita goma, su sayar su dawo. Kyautar da aka sa wa zakara ita ce sabon kwando irin na sana'arsu, sannan aka ƙara da kallabin siliki guda biyu na Basalona.

7. Bugu 132 ya ci kofin ƙasa

A watan Nuwamba na 1895 aka fara gasar ƙasa ta matan Amurka 'yan sha'awa, wato waɗanda ba su ɗauki wasan sana'a ba. A filin Meadow Brook na jihar New York aka yi. Lucy Barnes Brown ta lashe da bugu 132 a ramuka 18. Ƙwararriyar yau takan gama da bugu 70 ko kusa da haka. Kafin a raina ta, a dubi kayan da take ciki: siket har idon sawu, rigar ciki mai ɗaure ƙugu tamau, hula mai faɗi, sanda ta itace, ƙwallo na danƙo mai tauri. In iska ta taso, wasu matan sai sun zura roba a gwiwa ta riƙe siket ɗin kafin su ga ƙwallon da za su buga.

8. Kofin da ke da dangantaka da Titanic

Ba a jima ba maƙwabta suka bi sahun matan Filadelfiya: matan New York suka kafa ƙungiyarsu a 1899, na Boston a 1900. Tun farkon ƙarni na 20 biranen uku ke karawa a kan Kofin Griscom. Wanda ya ba da kofin shi ne Clement Griscom, hamshaƙin mai jiragen ruwa na Filadelfiya. Shi ne shugaban farko na gamayyar kamfanonin jiragen ruwa da J. P. Morgan ya haɗa a 1902, wadda ta haɗiye kamfanin White Star, mai jirgin Titanic da ya nutse a 1912. 'Yarsa Frances Griscom, 'yar kulob ɗin Merion, ita ta ci gasar ƙasa a 1900, bayan ta doke wata yarinya 'yar shekara 16 daga Boston mai suna Margaret Curtis.

9. Daga karawar birane zuwa karawar ƙasashe

A 1905 wasu matan Amurka, ciki har da Frances Griscom da Margaret Curtis da yayarta Harriot, suka tsallaka teku zuwa garin Cromer na Ingila don gasar matan Birtaniya. Kafin gasar aka haɗa wasan sada zumunci tsakanin baƙi da masu gida, aka lallasa baƙin. Abin ya zauna wa 'yan'uwan biyu a rai. Suka yi ta fafutuka har aka fara Kofin Curtis a 1932 a filin Wentworth, shekara 27 bayan wancan wasa, Amurka kuma ta yi nasara. Sannu ba ta hana zuwa. Wani abin kuma: a 1907 su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar ƙasa, ƙanwa ta ƙwace kofin daga hannun yayarta, wadda ta ci a 1906.

10. Zakaru da sunan mazajensu

Duk wanda ya buɗe jerin zakarun wancan zamani zai yi ta cin karo da sunayen maza. Wadda ta ci gasar ƙasa a 1915, 'yar Philadelphia Cricket Club, an rubuta ta matar Clarence H. Vanderbeck. Sunanta Florence. Zakarar 1926 an rubuta ta matar G. Henry Stetson, ɗan gidan masu kamfanin hular nan mai faɗin baki ta makiyayan Amurka. Sunanta Helen. Matar Ronald H. Barlow, wadda ta kai wasan ƙarshe a 1909 da 1912, ita ce Nonna, haifaffiyar Ailan. Ita ta yi gumin, sunan miji ya hau jarida. Sai daga baya masu tarihi suka bi diddigi suna mayar wa kowace sunanta.

11. Matar da ta raɗa wa sandunanta suna

Dorothy Campbell 'yar Sukotland ce. A 1909 ta zama mace ta farko da ta haɗa kofin Birtaniya da na Amurka a shekara guda, na Amurkan kuma a filin Merion ta ci shi. Ta ƙara da na Kanada sau uku a jere, daga 1910 zuwa 1912. Tana da sanduna biyu da take ji da su har ta sa musu suna: Stella, ta tura ƙwallo cikin rami, da Thomas, ta ɗaga ƙwallo daga kusa. Da shekaru suka ja, 'yan mata suka fara fin ta nisan bugu, sai ta je wurin George Sayers, mai koyarwa a Merion, ta sauya yadda take riƙe sanda gaba ɗaya. A 1924, tana da shekara 41, ta sake cin kofin Amurka. Jirgin ƙasa ne ya yi ajalinta a 1945 a garin Yemassee na jihar South Carolina.

12. Wasa 60, nasara 59

A wannan shekara ta 1924, Glenna Collett ta buga wasa 60 ta ci 59. Guda ɗayan da ta rasa shi ne mafi tsada: wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙasa. Abokiyar karawarta, Mary K. Browne, zakarar tanis ce da ta shigo golf. Suka gama ramuka 18 kunnen doki, aka tafi rami na 19. A dokar lokacin, ba kasafai ake ɗauke ƙwallon abokiyar karawa daga bakin rami ba, ko da ya tare hanya. Browne ta tura nata, ya gangara ya bugi ƙwallon Glenna da ke kwance, ya karkata, ya faɗa rami. Da ƙwallon Glenna aka ci Glenna. Browne ta wuce wasan ƙarshe, inda Dorothy Campbell ta yi mata fintinkau. Sai a 1952 aka soke waccan doka.

13. Uwar 'ya'ya biyu da yarinya 'yar shekara 17

Aure ne ya kawo Glenna Filadelfiya. A 1931 ta auri Edwin Vare, ta zama 'yar Philadelphia Country Club. Ta riga ta ci kofin ƙasa sau biyar, mutane da dama sun ɗauka ta gama. A 1935, tana da 'ya'ya biyu, ta je filin Interlachen na Minnesota ta doke 'yar garin, Patty Berg mai shekara 17, a gaban dubban 'yan kallo. Kofi na shida ke nan, kuma har yau ba wadda ta kamo ta. Ba ta taɓa buga wasa don kuɗi ba, amma tun 1953 ƙungiyar ƙwararrun mata ta LPGA ke ba da Kofin Vare ga wadda ta fi kowa ƙarancin bugu a shekara.

14. Filin da babu tuta

A kusan kowane filin golf na duniya, tuta ce ke nuna inda rami yake. A babban filin Merion, wanda aka buɗe a 1912, kwando ake kifawa a kan sandar. Saƙaƙƙen kwando ne mai siffar ƙwai, ja a ramuka tara na farko, ruwan lemo a taran ƙarshe. Ana hango shi daga kowace kusurwa ko da babu iska. Sai dai yana ɓoye wani sirri: tuta tana gaya wa mai bugu inda iska ta dosa, kwando kuwa shiru yake yi. Baƙuwar da ta zo karawa a Merion sai ta tsinki ciyawa ta watsa sama, ko ta dubi kan bishiyoyi. Sau huɗu kulob ɗin ya karɓi gasar ƙasa ta mata: 1904, 1909, 1926 da 1949.

15. Da tsohuwar zuma ake magani

Wadda ta ci ta 1949 ɗin 'yar yankin Filadelfiya ce, Dorothy Germain Porter. Shekara 28 bayan nan, a 1977, ta ci gasar ƙasa ta dattijan mata. Ta maimaita a 1980, da 1981, da 1983. A tsakani ta jagoranci tawagar Amurka a Kofin Curtis na 1966. Takwararta Helen Sigel Wilson, wadda ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1941 da 1948, ita ma ta jagoranci tawagar a 1978. Irin waɗannan mata ne ƙananan 'yan wasa ke tarar da su a gasar yanki, su yi tafiyar awa huɗu tare a fili guda, su ga yadda ake riƙe zuciya idan wasa ya yi zafi.

16. Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Tarihin yana da tabo, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kulob-kulob ɗin nan na masu hannu da shuni ne, kuma shekaru da dama baƙar fata ba ya shiga irinsu sai a matsayin ma'aikaci. A Filadelfiya, filin gwamnati na Cobbs Creek, da aka buɗe a 1916, shi ne ya karɓi kowa, mace da namiji, fari da baƙi. Wanda ya tsara Merion, Hugh Wilson, yana cikin waɗanda suka tsara shi. A birnin Washinton kuwa, mata baƙar fata suka kafa kulob nasu mai suna Wake-Robin a 1937, suka matsa wa hukuma lamba har aka buɗe filin Langston a 1939. Sai a 1956 mace baƙar fata ta fara buga gasar ƙasa, ita ce Ann Gregory. A 1959, a kulob ɗin Congressional, aka bar ta ta yi wasa amma aka hana ta zama cin abincin dare da sauran 'yan wasa.

17. Lamba 13 ta zo sau uku

Turawa da yawa suna camfa lamba 13, har wasu dogayen gine-gine kan tsallake ta wajen ƙirga hawa. A golf ɗin mata kuwa alheri ta zo da shi. Mata 13 ne suka shiga gasar ƙasa ta farko a 1895. Mata 13 ne suka kafa Wake-Robin a gidan Helen Webb Harris. Mata 13 ne kuma suka kafa LPGA a 1950, ciki har da Patty Berg, yarinyar nan da Glenna ta doke. Dukkan ukun suna nan da ransu.

18. Maƙwabcin da ya yi jinkirin shekara 108

Tsallaken kogin Delaware, a jihar New Jersey, akwai filin Pine Valley, wanda sau da yawa ake sa shi na ɗaya a duniya. Mutanen Filadelfiya ne suka kafa shi a 1913. A da, mace ba ta zama mamba, in ma an gayyace ta wasa sai ranar Lahadi da yamma. A 2021 mambobin suka kaɗa ƙuri'ar karɓar mata, shekara 124 bayan kafa WGAP. Cikin ukun farko da aka karɓa akwai Annika Sorenstam ta Suwidin, da Sarah Ingram, da Meghan Stasi, 'yar yankin da ta ci gasar matan Filadelfiya sau bakwai a jere tun tana budurwa. Sauran manyan gidaje ma ba su riga shi da nisa ba: Augusta National ya karɓi mata a 2012, kulob ɗin St Andrews mai daɗaɗɗen tarihi a 2014, Muirfield kuma ya amince a 2017.

Duk waɗannan zakaru ba daga sama suka faɗo ba. Gasar unguwa ce ta dafa su, wadda babu kuɗi a cikinta, babu talabijin, sai jadawali da ake mutuntawa, da alƙawarin zuwa filin maƙwabta, da littafin da ake rubuta wadda ta ci da wadda aka ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kulob ɗaya ma ba ya yin gasa. A ƙasarmu Najeriya akwai filayen golf a Kano, da Kaduna, da Rayfield ta Jos, kuma akwai mata masu wasanni iri-iri a makarantu da ma'aikatu. Duk inda ƙungiyoyi huɗu suka samu, sun isa a fara. Ku tsayar da rana, ku riƙa zagayawa, ku rubuta sakamako, kuma ku rubuta kowace 'yar wasa da sunanta na yanka.